Dogon mayafin wuya, zoben wuya, ko shawul mai kusurwa uku: wanne za ki ɗora a tsinke kafin hunturu?

Da damina ta ɗauke a watan Oktoba, masu saƙa a Zariya sukan fara lissafin abin da za su ɗora a tsinke. Wata ta ga hoton shawul mai huda-huda a waya, ta ce shi za ta yi. Wata ƙanwarta ce ke da tsohon ciki, haihuwar za ta faɗo a tsakiyar sanyi. Wata kuma maigidanta ne ke fita da asuba a kan babur daga Tudun Wada zuwa Samaru, iska na shigar masa wuya. Tambayarsu ɗaya ce: wane fasali, kuma da wane zare?

Fasali da zare tare ake zaɓensu. Yawancin saƙar da ake warwarewa bayan mako uku, ko a cusa ta ƙasan akwati ba a ƙarasa ba, ba rashin iya hannu ne ya kashe ta ba. An ɗauko fasalin da aka tsara don ulun tumaki ne aka yi shi da zaren roba, ko an fara abin da zai ci dunƙule biyar da dunƙule uku a hannu.

Don mu fahimci juna: "ido" shi ne kowane maɗauki ɗaya da ke kan tsinke, "layi" kuma tafiya ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Saƙar gaba ita ce wadda ake cusa tsinke zare na baya, saƙar baya kuwa zare na gabanki. Idan kowane layi gaba ne, ita ce "gaba zalla", mai tudu-tudu a fuska biyu. Idan layi ɗaya gaba ɗaya baya, ita ce "mai santsi", irin ta jikin suwaita.

Abubuwan da za a auna kowane fasali da su

Na farko, irin sanyinmu. A Disamba da Janairu awon zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, amma kafin azahar rana ta buɗe. Wato abin da kika saƙa za a sa shi awa uku ko huɗu da safe, a cire, a sake ɗaukowa bayan magariba. Abu mai kauri irin na ƙasashen ƙanƙara nauyi ne kawai a nan. Zare matsakaici ya ishe mu.

Na biyu, kuɗi. Farashin zare ba ya zama wuri ɗaya, don haka a nan za a ƙirga shi da dunƙule mai giram 100, ke kuma ki ninka da kuɗin da kika tarar a shago. Ki lura dunƙulen kasuwa ba nauyinsu ɗaya ba, wasu ƙanana ne ba su kai rabin haka ba, kuma siririn zare sai an haɗa biyu kafin ya yi kaurin da ake so, wato kuɗin ya ninka.

Na uku, wanki. Ƙurar hunturu ba ta barin komai, farin shawul kwana kaɗan zai koma ruwan ƙasa. Duk abin da ba zai jure wanki a kai a kai ba, a sake tunani.

Sai sauƙin aiki, da kayan da yake bukata, da yadda fasalin yake karɓar gyara idan kina son ƙara faɗi ko canza ado. Na ƙarshe haɗari, kuma guda uku ne a zahiri: wutar kasko, tayar babur, da yatsun jariri.

Ƙyallen gwaji, tun kafin komai

Duk wani lissafi daga nan yake fitowa. Ki ɗora ido 34 ko kusa da haka, ki saƙa har tsawon ya kai santimita 15, da ainihin adon da za ki yi. Ki rufe baki, ki wanke shi yadda za a riƙa wanke mayafin, ki shanya a kwance. Idan ya bushe ki ɗora tef ɗin tela a tsakiya, ba a gefe ba, ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10.

Zaren da aka rubuta DK a takardarsa yakan ba da ido 22 a tsinke mai milimita 4. Wanda ya fi shi kauri yakan ba da 18 zuwa 20 a tsinke mai milimita 4.5 ko 5. Siriri irin na kayan jarirai kuma wajen 28 a tsinke mai 3.25. Wannan abin da takarda ke faɗi ne, hannunki ne zai yanke hukunci. Don mayafi da shawul, ƙara rabin milimita ko milimita ɗaya a kan abin da aka rubuta yana sa saƙar ta yi laushi ta zubo a kafaɗa, maimakon ta tsaya kamar tabarma.

Sannan ki ɗora ƙyallen a kan ƙaramin sikelin kicin. A ce santimita 15 ne ta kowane gefe, faɗinsa gaba ɗaya murabba'in santimita 225 ke nan, kuma ya yi giram 9. Kowane murabba'in santimita yana cin giram 0.04. Mayafi mai faɗin 20 da tsawon 170 ya zama 3,400, a ninka da 0.04, giram 136. Ki ƙara kashi 15 cikin 100 saboda kuskure da geza. Gaba zalla ta fi mai santsi cin zare da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye, domin layukanta a matse suke.

Da wannan lissafin za ki shiga shagunan kayan ɗinki na kasuwar Sabon Gari ki sayi zaren gaba ɗaya rana ɗaya. A takardar kowane dunƙule akwai lambar launi da lambar rini; dukansu biyu su zo ɗaya. Ruwan hodar da aka rina wannan wata da ta wata mai zuwa a shago kamar ɗaya suke, sai an fita rana za a ga layi ya raba shawul ɗin biyu.

Zaren kansa

A kasuwa duk "ulu" ake ce masa, amma mafi yawansa akirilik ne, wato zaren roba. In kina shakka, tsinki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a kan faranti. Na roba narkewa yake ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Ulun tumaki yana ƙaurin gashi, ya mutu da kansa, tokarsa ta murmushe a yatsa. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi.

Zaren roba shi ne mafi araha, launinsa ba ya zuba, yana jure omo da wankin hannu, kuma asu ba ya cinsa. Aibinsa uku. Yana tsiro ƙananan ƙulle-ƙulle a inda yake gogayya. A bushewar hunturu yana tartsatsi yana manne wa hijabi. Mafi muni, idan wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata, kuma lokacin sanyi ne ake zagaye kaskon gawayi a ɗaki. Akwai abu na huɗu da ya shafi mai tsara ado: ba ya riƙe miƙewa. Ulun tumaki in kika jiƙa shi, kika miƙe da fil a kan katifa har ya bushe, hudojin adon za su buɗe su zauna. Na roba da an cire fil zai koma yadda yake. Tururin dutsen guga yana iya sa shi ya kwanta, amma ba a barin ƙarfen ya taɓa shi, kuma in ya saki ya saki ke nan har abada.

Ulun tumaki na gaske ya fi ɗumi ga nauyinsa, ba ya saurin kama wuta, kuma shi ne ke fito da ado mai huda. Yana da tsada ƙwarai, samunsa kuma da wuya. Ruwan zafi da cuɗa suna dunƙule shi ya zama kamar bargo, ba ya dawowa. Ana wanke shi da ruwan sanyi, a matse cikin tawul, a shanya a kwance, a ajiye shi a wanke cikin leda da kafur saboda asu. Hanyar samunsa da rahusa ita ce suwaitar gwanjo. Ki juya cikinta ki duba ɗinkin gefe: idan an haɗa ɓangarorin da ɗinki mai kama da sarƙa, za ta warware zare ɗaya dogo. Idan an yanka an bi bakin da keken da ke naɗe bakin yadi, kowane layi guntu ne, kada ki saya. Zaren da aka warware ana naɗe shi a bayan kujera, a ɗaure wuri huɗu, a jiƙa, a rataye ya bushe don lanƙwasar ta fita.

Auduga kuwa, duk da Zariya ƙasarta ce, har cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ke fitar da irin da ake kira SAMCOT, zarenta na saƙa bai kai na roba yawa a shaguna ba. Ba ta ƙaiƙayi, tana jure wanki, amma tana da nauyi, ba ta da ɗumi sosai, kuma ba ta komawa in ta miƙe. Dogon mayafin auduga kullum ƙara tsawo yake yana tsukewa. Mai launi mai duhu a jiƙa guntunta a ga ko tana zuba kafin a haɗa ta da fari.

Dogon mayafin wuya

Faɗi santimita 18 zuwa 25, tsawo 150 zuwa 180. Da ido 22 a santimita 10, faɗin 20 ido 44 ne. Tsinke biyu miƙaƙƙu sun isa, babu ƙari babu ragi. Dunƙule biyu.

Kuskuren da kusan kowace sabuwar hannu ke yi shi ne ta saƙa shi da mai santsi daga farko har ƙarshe. Wannan saƙar naɗewa take kamar tabarma, domin fuskar gaba da ta baya ba su ja daidai ba, kuma guga ba ta maganinsa. Ko dai a yi gaba zalla, ko mai tsaba-tsaba (ido ɗaya gaba ɗaya baya a kan adadi mara, kowane layi a fara da gaba), ko biyu gaba biyu baya irin ta bakin hannun suwaita. Wannan ta ƙarshe tana tsukewa, saboda haka a ɗora 54 ko 58 maimakon 44. Ƙa'idarta ninkin 4 a ƙara 2, don gefe biyu su yi kama. In lallai sai mai santsi, a sa mata iyaka ta gaba zalla ido 5 a kowane gefe da layi 8 a farko da ƙarshe, kuma ko da haka siririn mayafi zai ɗan lanƙwasa. Zame idon farko na kowane layi ba tare da an saƙa shi ba yana ba da baki mai tsabta.

Wajen canza ado babu wanda ya kai shi sauƙi: ratsin launi, a sauya zare a gefe ɗaya kullum don kada ɗigon canjin ya fito a fuska. Abin da ke gundura shi ne tsawonsa. A gaba zalla layi ne sama da 700, ido wajen 31,000. Mai yin ido 25 a minti za ta ba shi kimanin awa 21. Haɗarinsa kuma sananne ne ga duk wanda ya taɓa ganin hijabi ya shiga tayar babur. Jela mai lilo da geza ba kayan mai hawa babur ba ne.

Zoben wuya

Wannan mayafi ne da aka haɗe bakinsa, ana zura shi ta kai. Kewayensa santimita 55 zuwa 60, tsayi 20 zuwa 25. Ido 128 a tsinke mai igiya (tsinke biyu da igiya ta haɗa, don saƙa a zagaye) mai tsawon santimita 40, biyu gaba biyu baya, zagaye wajen 66. Dunƙule ɗaya bai ma ƙarewa, kuma aikin yini biyu ne ga mai ɗan lokaci, ƙasa da awa 6 in an zauna.

Wuri ɗaya ake faɗuwa: lokacin haɗa zagayen farko. Ki shimfiɗa tsinken a kan tabarma, ki tabbata gindin duk idanun yana kallon ciki. In ya murɗe ko sau ɗaya, babu gyara sai warwarewa. Wadda ba ta da tsinke mai igiya za ta iya saƙa shi a miƙe ta ɗinke bakin da allura. Bakin ƙarshe a rufe shi sakwa-sakwa, in ba haka ba kai ba zai wuce ba, balle a kan ɗankwali. Ba shi da jela, ana iya jan shi sama ya rufe hanci daga ƙura, kuma ana wanke shi da yamma ya bushe kafin safe. Kwalliyarsa ce kaɗan, ba ya rufe kafaɗa.

Babban mayafin kafaɗa mai kusurwa huɗu

Shi ne ya fi kusa da gyale a yafawa, shi ya sa iyaye mata suka fi saurin karɓarsa. Faɗi 50 zuwa 60, tsawo 170 zuwa 180. Faɗin 55 a tsawon 180 ya ba da 9,900, wato giram 400 kafin ƙari, dunƙule biyar in ana son kwanciyar hankali, shida in gaba zalla ce. Awa 40 ko fiye.

A nan ne ake koyon daidaita ado da faɗi. Ɗauki adon nan mai kama da igiyar ruwa, wanda asalinsa daga tsibiran Shetland ne na arewacin Sikotilan. Yana maimaita kansa kowane ido 18, a layi huɗu: na farko gaba, na biyu baya, na uku a haɗa ido biyu sau uku, a naɗa zare a saƙa ɗaya sau shida, a sake haɗa biyu sau uku, na huɗu gaba. Faɗin 55 yana son ido 121. Ninkin 18 mafi kusa a ƙasa da shi shi ne 108, sai a ƙara 6 a kowane gefe don iyaka, ya zama 120. Haka ake yi wa kowane ado: a nemi ninkinsa, ragowar a raba wa gefe biyu. Wannan adon yana daga cikin 'yan kaɗan masu huda da ke fitowa da kyau ko da zaren roba, domin igiyar tana lanƙwasa da kanta.

Ki sa ɗan zobe ko ƙullin zare mai wani launi tsakanin kowane 18. In kika manta naɗi ɗaya, za ki gane a cikin gidansa maimakon sai bayan layi goma. Nauyinsa ne damuwa: in auduga ce zai ja kafaɗa, kuma in an rataye shi jiƙe a igiya zai yi tsawon da ba a nema ba.

Shawul mai kusurwa uku da ake farawa daga ƙeya

Shi ne wanda hotunansa suka cika waya. Ana ɗora ido 3, a yi layi 6 gaba zalla, a juya ɗan ƙyallen a tsinto ido 3 a gefensa da 3 a gindinsa, su zama 9. Daga nan kowane layin fuska ana ƙara 4: ɗaya bayan iyakar farko, ɗaya kafin idon tsakiya, ɗaya bayansa, ɗaya kafin iyakar ƙarshe. Layin komowa babu ƙari. Don haka adadin kullum 9 ne a ƙara ninkin 4. Bayan layin ƙari goma dole ki ga 49. In kin ga 48, wani ɓangare ya rasa ido, kuma ƙashin bayan shawul ɗin zai karkace.

Faɗin fikafikansa ninki biyu ne na zurfinsa. Zurfin santimita 75 yana ba da faɗin 150. Kafin ki kai nan, a gaba zalla, layi ne wajen 225, kuma layin ƙarshe ido 460 ne ko kusa. Miƙaƙƙen tsinke ba zai ɗauka ba, sai mai igiya na santimita 100 ko fiye. Zare dunƙule uku, da ɗan ƙari.

Yaudararsa ita ce saurin farko. Yini ɗaya za ki ga ya kai tafin hannu biyu, ki ɗauka an kusa. Amma cin zarensa ba a miƙe yake ƙaruwa ba. Lokacin da kika kai rabin zurfi, kashi ɗaya cikin huɗu kawai na zare kika ci. Rabin zaren yana kai ki kashi 70 cikin 100 na zurfi. Kwata na ƙarshe shi kaɗai yana cinye kusan kashi 44. Nan ne mutane ke komawa kasuwa su tarar launin ya ƙare. Dabarar da ke ceto ita ce tun farko a tsara bakin ƙasa da wani launi daban, sai ƙarewar zaren ta zama ado. Ki bar zaren da zai isa layi uku don rufe baki, ki rufe da tsinken da ya fi na aikin girma da milimita ɗaya ko biyu; matsattsen baki yana tattare shawul ya zama kamar ƙoƙo.

A jiki, tsininsa yana sauka har ƙugu amma gabansa gajere ne, yana zamewa daga kafaɗa in ba a sa fil ba. A kan hijabi mai santsi abin ya fi yawa. A ganina wannan fasalin an fi yaba shi fiye da amfaninsa, sai dai ga wadda ke da ulun gaske kuma tana son aikin huda.

Mai kusurwa uku a karkace

Wannan shi ne abokin mai zare ƙididdigagge. Ido 4. Layin farko: ƙara ɗaya a farko, haɗa biyu a ƙarshe. Layi na biyu: saƙa duka, ƙara ɗaya a ƙarshe. Ke nan gefe ɗaya yana samun biyu, ɗayan yana rasa ɗaya, ribar ido ɗaya kowane layi biyu. Ana ci gaba har zare ya kusa ƙarewa, a rufe. Babu ranar da za ki ce zare ya yanke miki, duk inda kika tsaya shawul ne. Yana fitowa dogo mara zurfi, yana naɗuwa a wuya kamar mayafi, kuma ragowar zarurruka masu kauri ɗaya suna shiga a matsayin ratsi.

In kina son gefe biyu su yi daidai, akwai 'yar'uwarsa: a ƙara ido ɗaya a gefe guda kowane layi biyu ko huɗu, ana auna dunƙulen a sikeli, da an kusa cin rabi a fara ragewa da irin wannan tazarar. Ki juya tun da sauran giram 5 kafin rabi. Abin lura ɗaya ne, gefen da ake ƙari yakan matse. A sassauta hannu a idon farko.

Mai siffar jinjirin wata

Ana fara shi kamar na ƙeya, amma babu idon tsakiya, duk ƙarin a gefe yake: biyu a kowane gefe a layin fuska, ɗaya a kowane gefe a komowa, shida ke nan a layi biyu. Ya fi kowane zama a kafaɗa ba tare da fil ba. Matsalarsa ɗan tozon da ke fitowa a ƙeya inda aka fara. Ulun tumaki ana jiƙa shi a miƙe tozon ya ɓace. Zaren roba kuwa tozon na nan. Fara shi da ido masu yawa da sassauta gefe yana ragewa. Ba aikin farko ba ne.

Shawul ɗin jariri

Santimita 90 zuwa 110 ta kowane gefe. Mafi sauƙi a fara daga kusurwa: ido 3, a ƙara ɗaya a farkon kowane layi har gefen ya kai tsawon da ake so, sannan a rage ɗaya a farkon kowane layi. Nan ma sikeli ne jagora, rabin zare a hawa rabi a sauka. Dunƙule biyar zuwa shida in DK ne. Zare mai laushi da zai sha wanki kullum, wato na roba mai kyau ko gaurayen auduga. Banda manyan hudoji da yatsa zai shiga, banda geza, banda duwatsun ado, banda zare mai gashi da zai shiga hanci. Kowace jelar zare a saƙa ta ciki da allura santimita 5 ko fiye, a kai a komo. Kuma mai jego ta sani, in na roba ne, nesa da kasko.

Ɗan tsokaci ga mai saƙar kanta: kaushin hannu na hunturu yana figar siririn zare ya tayar masa da gashi. Man kaɗanya da dare, ba lokacin aiki ba, don kada ya bar tabo a farin zare.

| Fasali | Dunƙule mai giram 100 | Tsinke | Wahala | Jure wanki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Zoben wuya | 1 | mai igiya 40, ko miƙaƙƙe | kaɗan | sosai | murɗewa wajen haɗawa |
| Dogon mayafi | 2 | miƙaƙƙe | kaɗan | sosai | naɗewa, jela a tayar babur |
| Karkatacce | 2 zuwa 3 | miƙaƙƙe, daga baya mai igiya | kaɗan | sosai | matsattsen gefe |
| Jinjirin wata | 2 zuwa 3 | mai igiya 80 ko 100 | da yawa | sai an sake miƙewa | tozo a ƙeya |
| Na ƙeya | 3 zuwa 4 | mai igiya 100 | matsakaiciya | ya danganta da ado | ƙarewar zare, ɓatan ƙirga |
| Babban na kafaɗa | 5 zuwa 6 | dogo ko mai igiya | matsakaiciya | a shanya a kwance | nauyi, bambancin rini |
| Na jariri | 5 zuwa 6 | mai igiya 80 | kaɗan, amma dogo | sosai | hudoji, wuta |

Wa ya dace da wanne

Mai fita da asuba a babur, ko ɗalibin da ke sammakon lacca a Samaru ko Kongo, ko yaro ɗan makarantar allo: zoben wuya, da zaren roba mai duhu, a yi guda biyu don ɗaya na jiki ɗaya na shanya. Wadda yanzu ta fara riƙe tsinke ita ma da shi za ta fara, ko da dogon mayafi a gaba zalla, don ta ga ƙarshen abu kafin gajiya ta zo.

Wadda ke da dunƙule biyu ko uku da aka ba ta, ko ulun da ta warware daga gwanjo wanda ba za a sake samun irinsa ba, karkataccen nan ne nata.

Kyautar Hajiya ko surukuwa, wadda za ta yafa a kan atamfa zuwa gaisuwa ko ta lulluɓa bayan sallar asuba: babban na kafaɗa, da adon igiyar ruwa, launi ɗaya natsattse, a sayi zaren duka rana guda, a fara tun Satumba.

Mai saƙa don sayarwa ta duba awannin aiki kafin kyan hoto. Zobe bakwai za su fita a lokacin da babban mayafi ɗaya zai ci, kuma mai saye ya fi saurin ciro kuɗin ƙaramin abu. Manyan shawul a bar su sai an yi oda an ba da kafin alƙalami, a kuma nuna wa mai odar ƙyallen gwaji ta taɓa kafin a fara.

Na ƙeya mai huda da na jinjirin wata, a bar su ga wadda ta riga ta gama abu biyu ko uku, tana da tsinke mai igiya, da ulun tumaki, da katifar da za ta miƙe shi a kai kwana guda ba yaran da za su hau. Shawul ɗin jariri kuwa a ɗora shi tun cikin yana wata shida, domin layukan tsakiyarsa ido sama da 300 ne kowanne, kuma suna kwana bakwai ne kawai bayan haihuwa.